Yadda ake auna ɗan tseren keke da kuma sunansa: a gwada da Denis Menchov na Rasha

Duk wanda ya fara bin tseren keke daga nan Damagaram, ko ta talabijin ko ta waya, sunaye kaɗan ne za su yi ta dawo masa a kunne: na waɗanda suka ci Tour de France, da na Faransawan da ƴan jaridar ƙasarsu suke ƙauna. Daga nan sai mutum ya ɗauka wanda bai ji sunansa ba, ba kowa ba ne. Abin da ɗan tsere ya ci daban, yadda sunansa ya tafi daban, kuma kowanne da ma'auninsa. Kayan aikin ba su da yawa: takarda ɗaya, fensir, da mega kaɗan a waya.

Mun ɗauki Denis Menchov ne don tarihinsa ya tara kusan duk tarkon da mai bincike yake faɗawa. Ya ci biyu daga cikin manyan tsere uku na duniya, an taɓa ba shi wata nasara aka dawo aka karɓe, an soke masa wasu sakamako bayan ya ajiye keke, kuma da yawa daga masu kallon Tour ba su san shi ba.

Tabbatar da mutumin tukuna

Ƴan Rasha da harafinsu suke rubuta suna, kowace ƙasa kuma da yadda take mayar da shi boko. Faransawa na rubuta Menchov, wasu na rubuta Menshov. Konyshev yakan zama Konychev. In ka nemi suna bai fito ba, sauya "ch" da "sh", ka ƙara kalmar cycliste a gabansa. Sai ka riƙe ranar haihuwa, don ita ba ta sauyawa: an haifi Menchov ran 25 ga Janairu 1978 a garin Oryol, kudu da Mosko.

Ba kuma duk mai suna irin na Rasha ba ne ɗan Rasha. Alexandre Vinokourov ɗan Kazakistan ne, Piotr Ugrumov ɗan Latbiya. Andrei Tchmil a Rasha aka haife shi amma ya ƙare tsere yana ɗan Beljiyam, Pavel Sivakov kuma ya koma yi wa Faransa tsere a 2022. In gardama ta tashi a fada kan wane ne gwanin Rasha, a fara daidaita waɗanda ke cikin lissafin kafin shayi na farko ya sauka, in ba haka ba kowa zai yi ta kawo nasa mutumin ne kawai.

Takardar

Raba takardar gida shida a tsaye: shekara, ƙungiya, tsere, matsayi, tazarar lokaci, sai gida na shida ka bar shi fili. A nan za ka rubuta abin da ya sami sakamakon daga baya. Da fensir za ka yi, ba biro ba, don a wannan wasa akan goge.

Shafukan ProCyclingStats da FirstCycling suna da shafi ga kowane ɗan tsere, shekara bi shekara, Wikipedia ta Faransanci kuma tana da sashen da ake kira palmarès, wato jerin nasarori. Rubutu ne zalla, ba sa cin mega kamar bidiyo. Buɗe biyu ka riƙa gwadawa. Inda suka saɓa, galibi akwai hukuncin da ɗaya ya sa ɗaya bai sa ba, kuma nan ne wurin da ya kamata ka tsaya.

Gidan ƙungiya na Menchov zai cika kamar haka: Banesto ta Sifaniya daga 2000 zuwa 2004, Rabobank ta Holan daga 2005 zuwa 2010, Geox-TMC a 2011, sai Katusha ta ƙasarsu a 2012 da 2013. Ka lura, ƙungiyar keke ba ta da sunan gari kamar ta ƙwallo, sunan kamfanin da ke biyan kuɗi take ɗauka. Kamfani ya janye, suna ya sauya, mutanen suna nan. Banesto da gwanin Sifaniya Miguel Indurain ya yi wa tsere ita ce Movistar ta yau, Rabobank ita ce ta zama Visma. Kada ka ƙirga sauyin suna a matsayin sauyin sheƙa: a 2004 za ka ga an rubuta Illes Balears-Banesto, alhali Menchov bai je ko'ina ba.

Ba kowace nasara ce nasara ɗaya ba

Nan ne masu sabon shiga suka fi ɓata. Sukan ƙirga yawan nasarori, su ce wane ya ci 60, wane ya ci 20, magana ta ƙare. Lissafin ba haka yake ba.

A sama akwai manyan zagaye uku na mako uku-uku: Giro na Italiya a watan Mayu, wanda aka fara a 1909, Tour de France a Yuli, tun 1903, da Vuelta na Sifaniya a ƙarshen Agusta zuwa Satumba, tun 1935. Kowanne zango 21 ne, zango ɗaya a yini, jimilla wajen kilomita 3,500, kusan tafiyar Damagaram zuwa Yamai sau huɗu. Ana tara lokacin da kowa ya yi a kowane zango, mai mafi ƙarancin jimilla shi ne ya ci. Mutum na iya cin zagaye gaba ɗaya bai ci zango ko ɗaya ba, wani kuma ya ci zango biyar ya ƙare na ɗari da wani abu. Saboda haka a takardarka ka raba "ya ci zango" da "ya ci zagaye". Tsakaninsu akwai nisa sosai.

Bayansu akwai manyan tseren yini ɗaya guda biyar, Milan-San Remo, Tour des Flandres, Paris-Roubaix, Liège-Bastogne-Liège da Lombardia, tare da gasar duniya da ta Olamfik. Sai tseren mako ɗaya irin su Paris-Nice, Dauphiné, Tour de Suisse, Romandie da na Ƙasar Basque. Sauran kuma lambar da ke gefen sunansu ita za ta gaya maka matsayinsu. Lambar farko, 1 na nufin tseren yini ɗaya, 2 na nufin mai zanguna. Abin da ya biyo bayan ɗigo shi ne daraja: UWT a sama, sai Pro, sai 1, sai 2. Tour du Faso na maƙwabtanmu, wanda aka fara a 1987, 2.2 ne. Tour du Rwanda 2.1 ne. A shekarun Menchov za ka ga PT da HC, tsofaffin alamun matakan sama ne, kada su ruɗe ka.

Yanzu sa nasarorin Menchov a wannan sikeli. Tour de l'Avenir a 2001, tseren da ake gwada matasa a Faransa. Farar rigar matashi mafi ƙwazo a Tour de France ta 2003, inda ya ƙare na 11. Zagayen Ƙasar Basque a 2004. Zango na 11 na Tour ta 2006 a kan dutsen Pla-de-Beret. Vuelta a 2007. Giro a 2009. Jerin ba dogo ba ne, amma na ƙarshen biyun sun fi nasarar ƙananan tsere arba'in nauyi. Ƴan Rasha uku ne kacal suka taɓa cin babban zagaye: Evgeni Berzin ya ci Giro a 1994, Pavel Tonkov ya ci Giro a 1996, sai Menchov, kuma shi kaɗai ne ya ci biyu.

Wane aiki aka ba shi a ƙungiya?

Iska ce babbar abokiyar gaban mai keke, duk wanda ya taɓa murza feda yana fuskantar iskar hunturu ya sani. Wanda ya laɓe bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe. A kan wannan aka gina wasan gaba ɗaya. Ƙungiya na shiga babban zagaye da mutum takwas, kafin 2018 tara ne, amma ɗaya ne jagora. Sauran suna tare masa iska, suna komawa mota ɗauko ruwa, in ya yi faci su ba shi tayarsu ko kekensu. Mai irin wannan hidima yakan ƙare na 80, ba don gazawa ba, don ya ƙone ƙarfinsa a kan wani.

Viatcheslav Ekimov misali ne. Ya shiga Tour de France sau 15 ya gama duka 15, zango ɗaya tak ya ci, a 1991, yawancin shekarunsa na baya hidima ya yi wa jagora. Amma yana da zinare uku na Olamfik, na 1988, 2000 da 2004. In ka auna shi da matsayinsa a Tour kawai, ka zalunce shi.

Haruffan da ke maye gurbin lamba su ma sai an karanta su da hankali. DNF na nufin ya fara bai gama ba, DNS bai tashi ba a ranar, OTL ya iso bayan wa'adin lokaci, DSQ an kore shi ko an soke. A Tour ta 2007 za ka ga DNF gaban sunan Menchov. In ka tsaya nan za ka ce ya kasa. Abin da ya faru shi ne abokinsa na ƙungiya, Michael Rasmussen ɗan Denmak, shi ne ke sanye da rawayar riga, rigar wanda ke kan gaba a Tour, Menchov ya koma yi masa hidima a duwatsu. Bayan zango na 16 ƙungiyar ta cire Rasmussen daga tseren saboda bai faɗi gaskiyar inda yake ba lokacin da masu gwajin ƙwaya ke nemansa. Washegari Menchov ya sauka daga keke. Makonni kaɗan bayan haka ya je ya ci Vuelta. Duk inda ka ga DNF a babban zagaye, nemi labarin wannan rana kafin ka yanke hukunci.

Ka kuma gane irin ɗan tseren. Akwai masu gudun ƙarshe a shimfiɗaɗɗiyar hanya, su ne ke tara yawan nasarori. Akwai masu hawan dutse, akwai masu tsere da agogo, inda kowa ke tashi shi kaɗai babu wanda zai laɓe wa. Menchov na cikin masu haɗa biyun ƙarshe: ya ci lokaci a tseren agogo, ya manne wa abokan hamayya a dutse ya hana su tserewa. Irin wannan ba a auna shi da mai gudun ƙarshe.

Wa ya kayar, kuma da tazarar nawa?

Gida na biyar ke nan. A Vuelta ta 2007 Menchov ya ba Carlos Sastre tazarar minti 3 da sakan 31, Samuel Sánchez ya zo na uku, Cadel Evans na huɗu. Duba abin da waɗannan suka yi daga baya: Sastre ya ci Tour a 2008, Sánchez ya ci zinaren Olamfik a 2008, Evans ya ci Tour a 2011. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta sanin nauyin nasara, ka ɗauki mutum biyar na farko ka ga su wane ne. A wannan Vuelta har rigar gwanin dutse Menchov ya haɗa.

Giro ta 2009 ta cancanci a tsaya a kanta, don a nan ake ganin yadda sakan ke aiki. Shekarar ce tseren ya cika shekara 100, aka tashi daga Banis ran 9 ga Mayu aka ƙare a birnin Rum ran 31. Menchov ya ci zango na 5 a kan dutsen Alpe di Siusi. A zango na 12 aka yi tseren agogo mai tsawon kilomita 60.6 a gaɓar tekun Cinque Terre, hanya mai hawa da gangara da kwana-kwana, tsawon da ba kasafai ake sa wa tseren agogo ba. Ya ci, ya karɓi riga mai ruwan hoda, rigar wanda ke kan gaba a Giro, daga Danilo Di Luca. Daga ranar Di Luca, ɗan gida, da jama'ar Italiya a bayansa, ya yi ta kai hari a kowane dutse. Menchov bai mayar da hari ba, ya dai liƙe wa tayarsa ta baya. Di Luca ya riƙa rage tazarar da sakan ɗin garaɓasa da ake ba na ɗaya, na biyu da na uku a ƙarshen zango, amma bai iya yakice shi har ya karɓe rigar ba.

Ranar ƙarshe tseren agogo ne na kilomita 14.4 a cikin Rum, bai kai daga nan zuwa Mirriya ba. Ruwa ya sauka, duwatsun da aka shimfiɗa a titin suka yi santsi. Saura ƙasa da kilomita ɗaya Menchov ya zame, ya tafi yana jan ƙasa a bayan kekensa yana miƙa hannu ya kamo shi. Makaniken da ke motar bayansa ya diro da wani keken, ya ɗora shi ya tura. Akwai dokar da ta ce wanda ya faɗi a kilomita uku na ƙarshe za a ba shi lokacin ayarin da yake ciki, amma ba ta aiki a tseren agogo, ba ta aiki a zangon da ke ƙarewa kan dutse. Duk sakan da ya yi a ƙasa nasa ne. Ya ci Giro da tazarar sakan 41 bayan mako uku ana tsere. In za ka kashe mega a kan bidiyo ɗaya na mutumin nan, wannan za ka nema.

Gida na shida: abin da aka goge

Menchov ya yi zamaninsa ne a shekarun da ƙwayoyin ƙara kuzari, musamman EPO mai ƙara jan jini, suka yi wa tseren keke katutu. Sakamakon waɗannan shekaru bai tsaya yadda aka gan shi a talabijin ba. Tsohon labarin jarida na ranar tsere zai ba ka jeri ɗaya, kundin hukuma na yau ya ba ka wani. Dokar ita ce ka duba ranar da aka rubuta abin da kake karantawa, ka kuma nemi layin da aka ja a kan lamba, alamar sokewa ce.

Vuelta ta 2005 ita ce ta fi rikitar da mutane. A hanya, Roberto Heras na Sifaniya ne ya ci, Menchov ya zo na biyu da tazarar minti 4 da sakan 36, bayan ya ci zanguna biyu na agogo. Sai gwaji ya nuna EPO a jikin Heras, aka ƙwace aka ba Menchov. Heras ya kai ƙara kotun ƙasarsu yana ƙalubalantar yadda aka gudanar da gwajin da hukuncin, kotu ta ba shi gaskiya a 2011, kotun ƙoli ta tabbatar a Disamba 2012, nasara ta koma hannunsa. Shi ya sa duk rubutun da aka yi tsakanin 2009 da 2012 yake cewa Menchov ya ci manyan zagaye uku, na yau kuma ya ce biyu. Kowa ya faɗi gaskiyar ranarsa. A takardarka rubuta "na biyu", a gida na shida ka sa bayanin.

Tour ta 2008: ya ƙare na huɗu, aka kama Bernhard Kohl da ya zo na uku, Menchov ya hau na uku. Wannan yana nan. Tour ta 2010: ya ƙare na uku bayan Alberto Contador da Andy Schleck. A Fabrairu 2012 aka soke nasarar Contador, Menchov ya zama na biyu. A Mayu 2013 ya ajiye keke, ya ce gwiwa ce ta hana shi. A Yuli 2014 sai aka ga sunansa a cikin jerin waɗanda hukumar keke ta duniya, UCI, ta hukunta: dakatarwar shekara biyu, da soke sakamakonsa na Tour ta 2009, 2010 da 2012. Hukumar ba ta fitar da sanarwa ta musamman ba, a cikin jerin kawai aka tsinci sunan, shi ya sa har yau wasu ba su san an yi ba.

Ba a kama shi da ƙwaya a fitsari ba, fasfon jini ne ya kama shi, kuma ya kamata ka san bambancin. Tun 2008 UCI take ɗibar jinin ƴan tsere lokaci-lokaci tana ajiye ma'auninsa, yawan jan jini da yawan sababbin ƙwayoyin jini da jiki ke ƙerawa. Kowane mutum da iyakar da jininsa ke kai-komo a ciki. In ya yi tsallen da rashin lafiya ko zaman kan tudu ba su bayyana shi ba, masana su duba, a yi hukunci ko da ba a ga ƙwayar kanta ba.

Vuelta ta 2007 da Giro ta 2009 ba a taɓa su ba, suna nan da sunansa. A wannan Giro ɗin ma na biyu da na uku, Di Luca da Franco Pellizotti, su ne aka soke wa sakamako daga baya. A ganinmu adalci shi ne a faɗi duka biyun a numfashi ɗaya: ya ci manyan zagaye biyu, an kuma hukunta shi kan jini. Mai faɗin na farko ya ɓoye na biyu ya rage gaskiya, mai yin akasin haka ma ya rage.

Zamani da zamani

In za ka gwada shi da magabatansa, ka tuna kafin 1989 Tarayyar Sobiyet ba ta barin ƴan kekenta su shiga tseren ƙwararru. Sergei Sukhoruchenkov ya ci zinaren Olamfik a Mosko a 1980, ya ci Tour de l'Avenir a 1978 da 1979, ya ci Tseren Zaman Lafiya na ƙasashen gabashin Turai sau biyu, amma a shekarun ƙarfinsa ƙofar Tour a rufe take gare shi. Gidan manyan zagaye a takardarsa ba zai nuna ƙarfinsa ba. Sai a 1989 ƙungiyar Alfa Lum ta kwashi rukunin farko zuwa Italiya, a shekarar kuma Dmitri Konyshev ya zo na biyu a gasar duniya bayan Greg LeMond.

Makin da shafukan intanet ke tarawa yana taimakawa wajen gwada mutanen zamani ɗaya. Kowane shafi da nasa lissafin, UCI ma ta sha sauya nata, don haka kada ka ɗauko maki daga wannan shafi ka gwada da na wancan.

Sai a juya takardar a auna suna

Ko a kokowa, akwai wanda ya ɗauki takobi, akwai kuma wanda makaɗa suka fi wasawa, ba kullum suke zama mutum ɗaya ba. A bayan takardar rubuta tambaya huɗu.

Ta farko, me ya yi a Tour de France? Ita ce tseren da duniya ke kallo, wanda bai san keke ba ma ya san rawayar riga. Menchov bai taɓa sa ta ba ko na yini ɗaya. Gwada shi da Thomas Voeckler na Faransa, wanda bai taɓa cin babban zagaye ba, mafi kyawun matsayinsa a Tour na huɗu ne a 2011. Amma ya sa rawayar riga kwana 10 a 2004, ya sake kwana 10 a 2011, ya ci zango huɗu, ya ɗauki rigar gwanin dutse a 2012. A gaban takarda Menchov ya fi shi nesa ba kusa ba. A bayan takarda Voeckler ya yi masa fintinkau, musamman a wurinmu da labarin keke ke zuwa ta bakin Faransawa.

Ta biyu, ƙasarsa tana da tseren da ƴan jaridar da za su ɗaga shi? Faransa, Italiya, Sifaniya da Beljiyam suna da manyan tsere a gida da jaridun wasanni masu bin keke kullum. A Rasha ƙwallo da wasannin ƙanƙara ne a gaba. Menchov ya yi kusan duk aikinsa a ƙungiyoyin Sifaniya da Holan, ya ci nasarorinsa a Sifaniya da Italiya ta hanyar kayar da ƴan gida. Babu jama'ar da ta ɗauke shi nata ɗungurungum.

Ta uku, yaya yake cin tsere? Kyamara na son mai kai hari daga nesa, mai yamutsa fuska, mai faɗuwa ya tashi. Mai bin taya yana lissafin sakan ba ya ba ta abin nunawa, ko da shi ne zai ci. Mu dai muna ganin tsare riga kwana tara a gaban mai kai hari kullum ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ya cancanci a yaba masa fiye da yadda ake yi.

Ta huɗu, yana magana? Menchov mutum ne mai ƙarancin magana a gaban ƴan jarida. Wanda bai ba su abin rubutawa ba, sukan wuce wurin mai ba su. Ƙara da yadda ya bar fagen, ritaya a tsakiyar kaka sannan hukunci, babu bikin ban kwana, sai sunan ya kwanta.

In kana son abin da za ka riƙe a hannu maimakon ji a jiki, buɗe shafin mutumin a Wikipedia ka duba harsuna nawa aka rubuta shi da tsawon kowanne, sannan ka duba ƙididdigar masu buɗe shafin, wadda ake samu ta sashen tarihin shafi. Ɗauki shekara guda cur, kada ka ɗauki watan Yuli kaɗai ko makon da wani abin kunya ya fashe, don a lokacin lambar kan yi tsalle. Gwada na Faransanci, na Sifaniyanci da na Rashanci daban-daban. Kada kuma ka auna wanda ya bar tsere a 2013 da yawan mabiya a Facebook ko Instagram, ma'aunin ƴan yau ne.

Ga mai son bin ƴan Rasha na yanzu, akwai ƙarin wahala guda. Katusha ta rufe a ƙarshen 2019. A Maris 2022, bayan fara yaƙin Yukiren, UCI ta hana ƙungiyoyi da tutar Rasha shiga tserenta, ƙungiyar Gazprom-RusVelo ta rasa lasisi, amma an bar ɗaiɗaikun ƴan tsere su ci gaba a ƙungiyoyin wasu ƙasashe ba tare da tuta ba. Aleksandr Vlasov, wanda ya zo na huɗu a Giro ta 2021 da na biyar a Tour ta 2022, haka yake fitowa a jeri, gefen sunansa fili. In ka tace jerin masu tsere da sunan ƙasa ba lalle ka gan shi ba, da sunansa ko na ƙungiyarsa za ka neme shi. Lokacin zafi agogon Faransa, Italiya da Sifaniya yana gaban namu da awa ɗaya, don haka zangon da aka ce zai ƙare ƙarfe biyar da kwata a can, a Damagaram huɗu da kwata ne. Cikakken sakamako da tazarar lokaci sukan hau shafukan jim kaɗan bayan an gama, na hukunci kuma sai ka riƙa komawa kana dubawa, don yakan zo bayan shekaru.